Dabba ba ta cewa "ina ciwo"

Shekarun baya muna da wani muzuru a gidanmu, baƙi mai farin ƙirji, wanda ya raba mu da ɓeraye har muka daina ɗaure bakin buhun gero. Wata ranar Talata aka ga yana ta zarya tsakanin zaure da tarin yashin da ke bayan ɗaki. Ya tsuguna, ya yi nishi, ya taso, an jima kaɗan ya koma. Kowa a gidan ya gani. Aka ce bushewar ciki ce, aka ɗura masa man gyaɗa. Washegari ya ƙi abinci, ya yi amai sau biyu, ya shige ƙarƙashin gado. Ranar Alhamis da asuba muka same shi ya sandare.

Sai bayan shekaru na ba wani likitan dabbobi labarin. Ban kai ƙarshe ba ya girgiza kai ya ce fitsari ne ya ƙi fita. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai, ɗan tsaki ko majina mai kauri kan toshe ta. In ta toshe, mafitsara ta cika ta yi tauri, ƙoda ta tsaya, dafin da ya kamata ya fita ya taru a jini har ya tsayar da zuciya, kuma duk wannan yana iya faruwa cikin kwana biyu zuwa uku. Da an kai shi ranar Talatar, da an zura masa 'yar roba an buɗe hanyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dukanmu mun ga alamar da idonmu. Amma da a ranar an tambaye mu yaushe rabon muzurun da yin fitsari, da babu mai amsa, domin ba wanda ya taɓa lura da yadda yake yi lokacin da yake lafiya lau. Nan ne matsalar kula da lafiyar kyanwa da kare take: wanda bai san dabbarsa tana lafiya ba, ba zai gane ta tana ciwo ba sai ciwon ya ci ƙarfinta.

Kyanwa kuwa gwanar ɓoye ciwo ce, kuma gado ta yi. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, mafarauciya amma ƙarama, wadda ita ma akwai masu farautarta. A daji duk wadda ta nuna rauni ta zama nama. Dubban shekarun zama da mutane ba su kankare wannan ɗabi'a ba. Shi ya sa ba kasafai kyanwa mai ciwo take kuka ba. Sai dai ta rage lasar jikinta, gashin ya cukurkuɗe, ta daina hawa katangar da ta saba hawa, ta nemi lungu ta lafe. Kare ya fi ta nuna damuwa, amma shi ma yana ruɗar mutum: zai taso yana kaɗa wutsiya in ya ga ubangidansa, alhali jini ya kusa ƙare masa.

Hausawa suka ce jiki magayi. Jikin dabba yana faɗa, sai dai da harshensa, kuma ana koyon harshen. Wurin farawa shi ne baki. Ɗaga leɓen karenka ko kyanwarka ka dubi dasashi. Mai lafiya ja-ja ne mai haske, da danshi. Danna shi da yatsa ya yi fari, ka saki: kafin daƙiƙa biyu launin ya kamata ya dawo. Dasashi fari fat ƙarancin jini ne, rawaya alamar shawara ce, wato hanta ko fashewar ƙwayoyin jini, mai shuɗi-shuɗi kuwa iska ce ba ta isa. Da yawa daga karnukanmu na gida suna da baƙin dasashi tun haihuwa, ga irin waɗannan sai a ja fatar ido ta ƙasa a dubi cikinta. Dalilin da ya sa ake so a duba tun dabbar tana lafiya ke nan, don kada ranar tashin hankali mutum ya rasa abin kwatance.

Zafin jikinsu ya ɗara namu. Mutum yana wajen 37 a ma'aunin Salshiyas, su kuwa tsakanin 38 da 39.2 suke, don haka wanda ya taɓa kyanwa ya ji ɗumi bai gano zazzaɓi ba. Taɓa hanci ma ba awo ba ne, kare mai lafiya kan tashi daga barci da busasshen hanci, mai zazzaɓi kuma ya zo da jiƙaƙƙe. Ma'aunin zafi irin na kemis ya isa, a shafa masa ɗan mai a sa ta dubura, a kuma ware shi na dabba kaɗai.

Awon da na fi yarda da shi a gida, domin ba ya bukatar ko sisi, shi ne ƙirga numfashi. Bari dabbar ta yi barci a wuri mai sanyi, ka dubi haƙarƙarinta. Tashi da sauka ɗaya ke nan. Ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Mai lafiya ba ya wuce 30 a minti ɗaya cikin barci. In ka saba samun 22, sai ga shi kwana biyu a jere kana samun 38, to akwai magana a zuciya ko huhu, ko da dabbar tana ci tana wasa. A nan akwai bambancin da ya wajaba a riƙe. Haki ga kare abu ne na yau da kullum, da shi yake sanyaya jikinsa tunda gumin da yake yi bai wuce na tafin ƙafa ba. Kyanwa kuwa in ta buɗe baki tana haki, ba bayan guje-guje ba, a ɗauke ta zuwa asibiti a ranar, ba a jira gobe.

Rama ita ce alamar da ta fi sulalewa mai dabba, saboda kullum yana ganinta, gashi kuma yana rufe ƙashi. Kyanwa mai kilo 4 da ta rasa giram 400 ta zubar da kashi 10 cikin 100 na jikinta, daidai da namiji mai kilo 70 ya rasa kilo 7. Da mutum ne da tuni dangi sun taru. A kyanwa kuwa ba wanda zai lura sai baƙon da ya daɗe bai zo gidan ba. Hau ma'auni kana rungume da ita, ka sake hawa kai kaɗai, ka cire, sau ɗaya a wata. In babu ma'auni, shafa haƙarƙari: a ji shi a ƙarƙashin yatsa ba tare da dannawa ba, amma kada a gan shi daga nesa. Ƙiba ma ciwo ce, na faɗi haka don manyan karnukan gadi da ake kullewa a keji ana ɗura musu ragowar abinci, wai girman jiki shi ne kwarjini. Gwiwa da zuciya ne suke biyan kuɗin wannan kwarjinin.

Sai ruwa. Kare yakan sha kamar mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 20 zai sha ledar fiyawata biyu zuwa biyu da rabi, ya ƙara in ana zafi. Idan ya ninka haka a lokacin sanyi, yana ta fitsari, ana zargin ciwon suga ko ƙoda. Idan karya ce da ba a cire wa mahaifa ba, kuma 'yan makonni ke nan da gama lokacin barbararta, ga yawan sha ga kasala, ana tsoron mugunya ta taru a mahaifa, wanda tiyata ce maganinsa, ta gaggawa. Allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke sa a yi wa karya tana ƙara wannan haɗari. Kyanwa kuma akasin haka take, ba ta da yawan jin ƙishirwa, kakanninta daga naman da suka kama suke samun ruwa. Wadda ake ba busasshen abincin kanti zalla tana bukatar ruwa a wurare da yawa a gidan, musamman muzuru, saboda abin da ya sami namu.

Ƙin cin abinci ma ba nauyinsa ɗaya ba. Babban kare mai ƙarfi zai iya tsallake yini guda ba komai, in yana shan ruwa yana walwala. Kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta ya zama sabon ciwo a kan na farko. Ɗan kwikwiyo kuwa ko yini ɗaya ba a ba shi.

Tunda an zo maganar abinci, akwai abin da ya kamata a faɗa game da yadda muke ciyar da su. Kare yana iya rayuwa a kan tuwo da ɗan nama ko kifi. Kyanwa ba ta iyawa, ita maciyiyar nama ce dole. Akwai sinadarin da ake kira taurin, wanda sai a nama take samunsa, rashinsa yana makantar da ita ya lalata mata zuciya. Kyanwar da ke kamun ɓera da ƙadangare tana cike giɓin da kanta. Wadda aka kulle a ɗaki, irin kyanwoyin Farisa masu dogon gashi da matasa ke saya yanzu a birane, abin da aka zuba mata kaɗai take da shi. Madarar shanu da muka ɗauka gata ce tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Miyarmu kuma cike take da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa in sun yi yawa ko an daɗe ana ba su. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji.

Kowane lokaci na shekara da abin da yake kawowa. A bazara, sa'ad da zafi ke haura 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, karen da aka ɗaure a rana ko aka kulle a kejin kwano yana iya mutuwa kafin la'asar. Karnukan da aka kawo daga ƙasashen sanyi, masu kaurin gashi ko gajeren hanci, su suka fi shan wuya. Haki ba ƙaƙƙautawa, dalala mai kauri, tangaɗi, zafin jiki ya kai 41: a kai shi inuwa, a kwara masa ruwan randa, a yi masa fifita, sannan a nufi asibiti. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, yana riƙe zafin. Da damina kuma ga tsutsar ƙuda da ke shiga fatar 'yan kwikwiyon da ke kwana a ƙasa mai danshi, ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya.

Kaska ce babbar abokiyar gabar kare a ƙasarmu, kuma mun raina ta. Jinin da take sha ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da cutar da take zubawa. Akwai wadda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su, kare ya yi zazzaɓi, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma kamar ruwan shayi. Akwai wadda ke rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, har kare ya riƙa haɓo. Ta biyun tana iya lafawa wata da watanni, kare ya zama kamar ya warke, sannan ta dawo da ƙarfi. Mai kare ya tsince kaska ya ga jiki ya yi fes, bayan mako guda ta dawo, sai ya ce maganin jabu ne. Sau da yawa maganin lafiyarsa lau. Kaskar kare tana iya yin rayuwarta duka a cikin gida, macen ta sauka ta zuba dubban ƙwai a tsagar bango da ƙasan keji. Haka ƙuma take, mafi yawanta ƙwai ne da tsutsa a shimfiɗa da ƙasa, ba a jikin dabbar ba. Wanda ya wanke kare ya bar wurin kwanansa ya yi rabin aiki. A riƙa duba cikin kunne, wuya, hammata da tsakanin yatsu.

A nan ne kuma ake yin ɓarnar da ta fi ta cutar kanta. Mun saba da shiga kemis mu sayi magani da ka, sai muka ɗora dabbobinmu a kan wannan hanya. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya, wadda muke ba kanmu don ciwon kai, tana iya kashe kyanwa. Hantarta ba ta da abin sarrafa shi, sai ya juye dafi ya hana jini ɗaukar iska, dasashi ya yi ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suna yi wa kare gyambon ciki su taɓa ƙoda. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, wani lokaci ko goga jiki ta yi da karen da aka ɗiga wa. Sai masu wanke kare da fiya-fiya ko maganin feshin gona, da masu shafa baƙin mai a kan ƙazuwa. Duk abin da ka shafa wa dabba za ta lashe shi. Na tabbata yawancin masu yin haka tausayi ne ke sa su, ba mugunta ba, shi ya sa abin yake da zafi. Maganin ɓera ma haka: akwai irin da ba ya nuna komai sai bayan kwana uku zuwa biyar, lokacin da jini ya fara tsiyaya a ciki. Wanda ya ga dabbarsa ta ci, ya ɗauki ledar maganin ya tafi da ita wurin likita nan take, ko da tana tsalle.

To amma ido yana da iyaka, kuma yaudara ce a ce lura kaɗai ta wadatar. Ƙoda tana aiki shiru har sai kusan kashi biyu cikin uku nata ya lalace kafin yawan fitsari ya bayyana. Ciwon ƙoda kuwa ya yi yawa a tsofaffin kyanwoyi. Shi ya sa likitoci ke son a riƙa gwajin jini da fitsari sau ɗaya a shekara daga shekara bakwai zuwa sama. Wannan iyakar farko ce: ciwon da ke tafiya a hankali har ido ya kasa ganinsa.

Ta biyu ita ce ciwon da ke zuwa da gudu, wanda ganinsa ihu ne bayan hari. Duk mai kiwon karnuka ya san cutar da ake kira fabo, ko bai san sunanta ba: ɗan kwikwiyo ya wayi gari da amai, sai zawo mai jini da wari mai tayar da zuciya, kafin 'yan kwanaki ya bushe ya mutu, 'yan uwansa su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Cutar ta bayyana a duniya a 1978, ta bazu ko'ina cikin ƙanƙanin lokaci. Babu maganin da ke kashe ƙwayarta, ƙarin ruwa ake yi ana tallafar jiki har ya yi yaƙin da kansa, kuma kuɗin jinyar ya ninka na rigakafi sau da yawa. Ƙwayar tana rayuwa wata da watanni a ƙasar gida, ana shigo da ita a tafin takalmi, bilic ne ke kashe ta a daɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne allura ɗaya a ce an gama. Garkuwar da kwikwiyo ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma ba a san makon da za ta ƙare ba. Don haka ake farawa daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Kyanwa ma tana da nata jerin, na mura da na wata cutar hanji 'yar uwar fabo. Allurar da ta kwana a rana a kan teburin kasuwa kuma ruwa ce kawai, dole ta fito daga sanyi. Mai sayar da kwikwiyo in ya ce "an yi masa komai", a ce ya kawo kati.

Duk waɗannan asarar dabba ce. Akwai wadda asarar ɗan Adam ce, kuma saboda ita nake ganin lafiyar karen maƙwabci ta shafi wanda ko taɓa kare ba ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kamar huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, cizon kan same shi a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa inda ƙwayar ta nufa. Yaro kuma yakan ɓoye yakushi don tsoron faɗa.

Hoton da ke kanmu na mahaukacin kare shi ne mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai wani nau'in da ya fi shi ruɗi. Kare ya yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, ya kasa haɗiya, muryar haushinsa ta sauya. Sai mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin. Kada a yi. Duk sauyin hali na farat ɗaya abin tsoro ne, mai faɗa ya koma lallausa, ko mai wasa ya koma cizo. Kyanwa ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa.

Ƙwayar tana bin jijiya a hankali, yawanci wata biyu zuwa uku kafin alamu su fito a jikin mutum, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Wannan tazara ita ce rahamar da ke cikin lamarin, domin a cikinta allura tana aiki. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, sannan ya tafi asibiti a ranar don fara allurai, ba sai an ga abin da zai faru da karen ba. Na sha jin ana ƙona gashin karen a shafa a ciwon, ko a sa toka. Ba su tsayar da komai, sai dai su ɓata lokacin da ya fi zinariya tsada. Karen da ya yi cizon a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, domin wanda ƙwayar ta riga ta sauko yawunsa ba ya wuce haka bai nuna ciwo ba. In an kashe shi ko ya mutu, kada a fasa kan, ƙwaƙwalwar ake gwadawa. A sanar da ofishin dabbobi mafi kusa, su suka san yadda za a kai ta ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, kuma tana haɗa allurar rigakafin wannan ciwo ta karnuka.

Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, allurar da ta cece shi, kuma ranar mutuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da ciwon a duniya. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, aka ɗore a kai, cutar tana rasa hanyar yaɗuwa. Ana fara yi wa kwikwiyo yana wata uku, a wajenmu kuma ana maimaitawa duk shekara. Abin da ke hana mu kai wannan adadi, a ganina, ba kuɗin allura ba ne kawai. Karnukanmu da yawa suna da masu su, amma ba su da mai ɗaukar nauyinsu: na mafarauci ne, na makiyayi ne, na samarin unguwa ne, suna yawo da rana su dawo da dare. Ga kuma ƙyamar da ta sa mutum yake jin nauyin a gan shi ya ja kare zuwa asibiti. Alhali addinin da muke bi ya halatta karen farauta da na kiwo da na gona, ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka yi wa azaba don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana, ko yana shafa kanta ko ba ya yi.

Tsutsar ciki ma haɗa mu take yi da su. Yawancin 'yan kwikwiyo da ita ake haifarsu, tana ratsawa daga uwa tun suna ciki, shi ya sa ake fara ba su magani tun suna mako biyu, babba kuma duk bayan wata uku. Ƙwanta yana fita a kashi ya zauna a yashin da yara ke wasa. Da Babbar Sallah kuma, in aka feɗe rago aka ga hanta ko huhu da ƙulli mai ruwa a ciki, aka jefa wa kare, an ba shi tsutsar da ƙwanta zai iya yi wa mutum irin wannan ƙullin a hanta. A binne da zurfi ko a ƙona. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, a kuma riƙa kwashewa kullum, domin ƙwayar da ake ji wa tsoro a cikinsa sai ta kwana ɗaya ko fiye kafin ta iya kama mutum.

Ƙasar Chadi ta nuna iyakar inda wannan magana take kaiwa. An tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu a 2013, duniya ta zaci saura ƙiris. Sai ga shi tun daga 2012 ana ganin tsutsar tana fitowa daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na gaɓar kogin Shari, har suka kai kusan 2,000 a 2019, lokacin da mutanen da suka kamu a duniya duka ba su kai ɗari ba. Dole aikin ya koma kan karnuka: duba ƙafafunsu, ɗaure su kada su shiga ruwa, binne hanjin kifi maimakon jefa musu. Adadin ya sauko sosai bayan haka, kuma da idon mutanen ƙauye aka yi aikin.

A Turai da Amurka yanzu ana sayar da abin wuya mai na'ura da ke ƙirga motsin dabba da barcinta ya aika wa waya, akwai kuma 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sa wa ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar shaida. Ba na raina su, amma aikin abin wuyan shi ne tara bayanin yau don a kwatanta da na jiya, kuma littafin makaranta mai shafi arba'in yana yin wannan. Wayar da ke aljihunka ma ta isa: ɗauki bidiyon ɗingishi ko tari ko farfaɗiya, domin dabba in ta shiga asibiti tsoro kan sa ta ɓoye abin da ya kawo ta. Asibitocin koyarwa na dabbobi suna nan a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, jihohi suna da nasu asibitocin dabbobi, a manyan birane kuma akwai masu zaman kansu. A nemi lambar likita tun ba a bukace shi ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayar farko da likitan zai yi ita ce "tun yaushe?" Daga nan ya tambayi me ta ci, yaushe rabonta da kashi da fitsari, wane magani aka ba ta a gida, ina katin allura. Amsar "wallahi haka muka gan ta" tana sa shi lalube cikin duhu, kuma kowane lalube gwaji ne da za ka biya. Wanda ya ce nauyinta kilo 4.2 ne watan jiya, numfashinta 24 yake yanzu ya koma 40, jiya rabin abincinta ta ci, ya riga ya nuna masa inda zai fara dubawa. Game da maganin gida kuwa a faɗi gaskiya ko da kunya, domin farasitamol yana da makari, amma sai an ba da shi cikin 'yan sa'o'in farko.